Shekarar da Na Goya Yaya Sale Zuwa Gude

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da shekarar da Yaya Sale ya rasu. Kuna cewa hawan jini ne ya taɓa wa Baba kai, har yake tafe a keke yana magana shi kaɗai. Kuna kuma cewa ni na je Gude na fasa wa Gwaggonku Asabe labarin mutuwar da aka ɓoye mata, labarin ya ƙarasa ta. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a gaban idona, amma gidan da ke da jikoki ba ya riƙe asiri. To, ga yadda aka yi daga bakin mai keken. Ban ce dole ku yarda ba, ina dai so ku ji shi a jere tun ina da bakin faɗa.

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: Yaya Sale, sai Yaya Asabe, sai ni auta. Yaya Sale ne ya fara sayen keke a gidanmu na Kutama, kuma a kan kariyarsa, wato mazaunin bayan keken, na yi ta zuwa makaranta a Gwarzo har na gama. Shi ya koya mini zaman goyo. Ya kan ce ɗan goyo ba buhu ba ne. In an zo kwana, ka karkata tare da mai tuƙi. In an zo hawa, ka sunkuya ka ɗora goshinka a gadon bayansa, nauyinka ya koma gaba. Ranar da na manta, sai in sha ranƙwashi kafin mu isa. Daga baya na zama malamin gona, na yi shekaru ina zaga ƙauyuka a kan nawa keken. Da na yi ritaya a Gwarzo sai na rataye shi a zaure, na koma zaman dakali da shayi mai sukari, tumbi ya fito, gwiwa ta mutu.

Shi kuwa Yaya, duniya ta yi masa nata. Ɗansa Bala, wanda yake acaba, ya rasu a kan babur, kuma a gaban gawar Yaya ya rantse ba zai sake hawa wani abu mai inji ba. Bayan wasu shekaru idonsa ya tafi. A can Gude kuma ƙafafun Yaya Asabe suka riƙe, ta kwanta, ko ƙofar ɗaki sai an ɗauke ta. Ga su kusa da juna, tafiyar da mota ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, amma shekara da shekaru ba su haɗu ba. Ana haɗa su a waya, sai Yaya ya ture ta ya ce waya ba ta da hannu. A farkon daminar shekarar da ya rasu, Nasiru, kai ka kai ni Kutama a motarka, muka same shi a kan tabarma a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Bayan mun gama gaisawa, an tambayi iyali da ruwa da shuka, sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Auta, keken nan naka yana nan, ko ka ba 'yan gwangwan?"

"Yana nan, Yaya, a rataye."

"Sauke shi. Kai za ka kai ni wurin Asabe. Na goya ka kana da majina, yanzu sai ka rama."

Ka ce masa ga mota, in rantsuwa ce ai akwai kaffara, ko liman ya faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce:

"Na sani, ɗana. Bakina zai iya yin kaffara, amma ƙirjina ba ya jin ƙarar inji sai ya ga Bala a kwance. Ka bar mu da ubanka."

Washegari na sauke keken, aka yi masa faci da mai, na hau. Ko masallacin Juma'a ban kai ba cinyoyina suka ɗauki rawa, numfashi ya tsaya mini a wuya, na dawo gida ina tura shi kamar ɓarawon da aka kama. Na yi zaton 'yar'uwarku Zainab za ta hana ni, tunda ita ce ma'aikaciyar jinya a gidan nan, kuma ita ke riƙe da maganin hawan jinina. Sai ta gwada jinin, ta matsa cinyata da yatsa, ta ce naman jikin tsoho zagwanyewa yake yi in ba a ba shi aiki ba, kuma tuwo kaɗai ba ya mayar da shi. Ta kafa mini doka. Kullum da safe in zauna a kujera in tashi ba tare da na dafa komai ba, in maimaita har cinya ta yi zafi. In ɗauki jarkar ruwa a kowane hannu in zaga tsakar gida. In tsaya da ƙafa ɗaya ina dafe da bango. Keke kuma yau a hau gobe a huta, don a ranar hutu jiki yake gini. Ta kore sukari daga shayina, ta cika mini kwano da wake, awara, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli, da kindirmo. Innarku kuwa ta samu abin dariya, tana tankaɗe tana kallona ina tashi ina zama.

"Tsofai-tsofai da kai, Malam, kana tsallen kwaɗo kamar ɗan makarantar da ya makara. Ƙwan da nake tarawa na sayarwa duk sun ƙare a cikin nan naka."

Da ƙafa ta fara dawowa har ina iya zuwa Kutama in dawo, sai Yaya ya kawo tasa dabarar. Ya ce tuƙa keke ba kowa daban, goyo daban. Ya sa aka ɗebo yashi daga rafi aka zuba a buhu, na riƙa ɗaurawa a kariya, duk mako ana ƙara kwano ɗaya ko biyu. Don mu san inda aka kwana, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai a kwantar da turmi a tsakar gidansa, a gitta katako a kai, a zaunar da shi a gefe ɗaya, a ɗora buhun a ɗaya gefen. Da fari ko motsi katakon ba ya yi, Yaya na zaune daram a ƙasa, buhu na sama yana lilo. Ya kan miƙa hannu ya shafa katakon ya ce:

"Da saura, Auta. Ranar da na yi daidai da buhun nan, ranar za mu tafi."

Buhu ya koya mini abin da na manta. Buhu ba ya taimako. In ka karkata dama shi sai ya ja hagu, in ka zo hawa ya riƙe ka ta baya kamar mai neman faɗa. Na faɗi da shi a cikin gero, na faɗi a cikin taɓo, na koma gida da gwiwa a goge Zainab ta wanke tana faɗa. Amma ƙafa ta yi ta ƙarfi, tumbi ya koma, har na fara jin daɗin kaina. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, katakon yana tasowa fiye da yashin da nake ƙarawa. Sai wata Juma'a matar jikansa, wadda ke kai masa abinci, ta ja ni gefe ta ce kwanonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi, in an yi magana ya ce yana rage wa Auta aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi na ce ban roƙe shi wannan taimakon ba, na ɓare ƙwai na sa masa a hannu. Ya ci rabi don ya rabu da ni.

"Kai kana hawowa, ni ina saukowa," in ji shi. "Ai ta haka ake haɗuwa da wuri."

An yanke gero, dawa ta yi kai, ranar da katakon ya daidaita. Na ɗora buhun a hankali kamar kullum, sai na ga gefen Yaya ya ɗaga, ya ɗan yi sama, ya dawo, ya tsaya a tsakiya. Gidan ya yi tsit, har mai daka a maƙwabta ta dakata. Yana zaune a iska, ƙafafunsa sirara suna reto, fuskarsa a sama. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

"Auta," ya ce a hankali, "ƙafata ta bar ƙasa."

Muka sa ranar Litinin. Ranar Lahadi bayan la'asar aka same shi a kan tabarmarsa ƙarƙashin darbejiya, ya sa an wanke masa farar rigarsa, takalmansa a jere a gefe, rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura aka kai shi. 'Ya'yan Yaya Asabe suka zo jana'iza, suka roƙi dangi kada a gaya mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kowa ya amince, ni ma na amince, kuma har yau ban saɓa ba.

Bayan an share makoki na koma Kutama a keke don in duba iyalinsa. Tun kafin in taso na kwance buhun na jingine a zaurena na Gwarzo, tunda amfaninsa ya ƙare. Da hantsi ne, rana tarwai, yara na wasa a layi. Na fito daga gidan Yaya, na tsaya a gindin darbejiya, na ɗora ƙafa a feda. Sai kariya ta yi ƙara, irin ƙarar da ƙarfe ke yi in an zauna masa, na ji bayan keken ya nutsa. Na waiga. Ba kowa, sai igiyar roba a naɗe. Na yi a'uziyya na taka, keken ya tafi da nauyin da ƙafata ta sani sarai, don wata da watanni tana ɗaukar irinsa. Na ce wa kaina sabo ne, ƙafa ce ba ta manta buhu ba. Ina cikin wannan tunani na zo kwanar da ke bayan rijiya, na karkata, sai nauyin ya karkata tare da ni.

'Ya'yana, na tuƙa buhu har na gaji, na san halinsa. Wannan ba buhu ba ne. Da na iso mararraba na juya kan keken wajen gida, sai nauyin ya sake hali, ya mutu, ya riƙa ja da baya har sarƙa na kuka. Na yi ta fama, gumi na zuba, sai can da na yi nisa na ji bayan keken ya ɗaga, kamar an sauka ba sallama. Na sake komawa Kutama bayan kwana biyu, haka. Na sake, haka. Ba ya hawa a ko'ina sai gindin darbejiya, ba ya gardama sai na juya wa hanyar Gude baya. Na gaya wa Innarku, ita kuma tsoro ya sa ta gaya wa Nasiru. Ka zo da sarƙa da kwaɗo ka ɗaure keken a jikin ginshiƙin zaure, ka ce sai Zainab ta kai ni an duba kaina. Ban ga laifinka ba. Na je wurin limamin unguwarmu, ya saurare ni har ƙarshe.

"Malam Haruna, wanda ya tafi ba ya dawowa, ka fi ni sani. Ko baƙin ciki ne, ko wani abin da ba mu gani. Ka riƙe addu'a, ka yi masa sadaka."

Na ce na yarda, kuma har yanzu na yarda. Ban taɓa cewa Yaya ya fito daga kabari ba. Abin da na sani kawai, wani abu yana jira a gindin darbejiya, kuma ni na yi alkawarin kai shi. Na yi sadaka, na riƙe addu'a, amma abinci ya fita raina. Kullum in wuce keken a ɗaure sai in ji kamar na bar makaho a tsaye a bakin hanya. Innarku ta yi ta kallona ina tura kwanon wake gefe, kamar yadda aka ce Yaya yana yi. Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na tarar da keken a kwance daga ginshiƙi. Ashe a wurinta ka bar makullin. Ta sa mini gorar ruwa, da fura, da dabino, da dafaffen ƙwai a jaka. Sannan na ga ta ninke tsohon bargo ta ɗaure a kan kariya, yadda ake yi wa mai zama don kada ƙarfe ya ci masa jiki. Ba ta dube ni ba.

"Je ka sauke shi, Malam, ka dawo mini kai kaɗai."

A gindin darbejiya na tsaya, na yi bisimilla, na ce, "Yaya, hau." Kariya ta yi ƙararta. Da muka zo mararraba na miƙe hanyar Gude, nauyin bai yi gardama ba. Hanyar ta ratsa gonakin dawa, karan ya fi ni tsawo hagu da dama, ba iska, ba kukan tsuntsu, ba abin da nake ji sai taya a kan ƙasa da numfashina. Na yi ta ba shi labarin hanya kamar yadda ake yi wa makaho: ga gonar wane an sayar, ga inda kukar nan take an sare ta, ga rami ka riƙe da kyau. Mutanen da suka gan ni ina magana ba ƙarya suka yi muku ba. Da ƙishi ya kama ni na tuna dokar Zainab ta kada in jira sai na galabaita, na tsaya a wata inuwa, amma na kasa sauka, don mai tuƙi ba ya sauka kafin ɗan goyo. Na ce, "Yaya, ɗan sauka in sha ruwa." Keken ya ɗaga. Na sha, na ci dabino da ƙwai, na kasa kallon gefen da babu kowa.

Akwai wani hawa mai tsawo kafin a shiga Gude, ga yashi a gindinsa. A tsakiyarsa ƙafata ta ƙare. Cinya ta ɗauki wuta, idona ya fara duhu, feda ta tsaya a sama ta ƙi sauka, na san in na sa ƙafa a ƙasa ba zan iya tashi da shi ba. A nan na ji an sunkuyo. Wani abu mai tauri, mai ɗan ɗumi, ya sauka a gadon bayana, daidai tsakanin kafaɗu, nauyin duka ya koma gaba. Fedar ta sauka. Na taka, na sake takawa, duk tashi da zaman da na yi a tsakar gida Innarku na dariya ya fito a wannan hawan. Ban waiga ba har muka kai sama.

A ƙofar gidan Yaya Asabe na tsaya, na jira har bayan keken ya ɗaga, sannan na sauka. Surukarta ta tare ni a tsakar gida, ta gaishe ni, ta raɗa mini cewa don Allah kada in yi suɓul da baka. Ta raka ni ɗakin ta fita kawo ruwa, shi ya sa ba ni da shaida sai Allah. Yaya Asabe na kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zane. Na durƙusa na fara gaisuwa, ina jiki, ina ƙarfin jiki, amma ba ni take kallo ba. Bakin ƙofa take kallo, sannan idonta ya biyo a hankali har gefen gadon. Ta janye zanenta ta buɗe wuri. Ta miƙa hannu, ta rufe yatsunta a kan iska, ta riƙe. Ta daɗe a haka, hawaye na gangara cikin kunnenta.

"Ya rame," ta ce. "Ba ku ba shi abinci ne?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani, ta girgiza kai.

"Bar shi, Auta, ba sai ka faɗa ba. Su yaran nan suna zaton ban san komai ba. Ka kawo shi, ka gama naka. Allah Ya yi maka albarka."

Iyakar abin da ya faru a ɗakin ke nan. Ba ta cika mako ba ta bi shi, kuma da surukarta ta ji ta tana yi wa Yaya addu'ar mamaci, sai aka ce ni na faɗa. Na yi shiru na ɗauki laifin, don gaskiyar ta fi ƙaryar wuyar faɗa. 'Ya'yanta sun yi shekaru ba sa taka gidan nan, wannan kun sani.

Da na fito na hau keke, na tsaya a ƙofar gidan ƙafa a kan feda, ina jira. Ba abin da ya hau. Na taka, keken ya tafi kamar takarda, ƙafar da ta saba da nauyin mutum biyu ta rasa abin turawa. Na gangara hawan nan iska na dukan fuskata, na zo kwana na karkata ni kaɗai. Ban yi kuka ranar da aka binne Yaya ba, mutane har suna yaba haƙurina. A wannan gangaren na yi shi, da ƙarfi, kamar yaro, don sai a lokacin ya mutu a wurina.

Buhun yana nan a zaure, shi ne wanda nake hana ku zubarwa. Ba a ƙara masa ba, ba a rage ba. Shekaru sun ja tun daga lokacin, wake da ƙwai sun yi iyakar ƙoƙarinsu, har yanzu ina tashi ina zama da safe, amma wuyan rigata ya fara yi mini yawa. Juma'ar da ta wuce, Innarku ta tafi barka, na kwantar da turminta, na gitta katako, na ja buhun na ɗora, na zauna a ɗaya gefen. Yatsun ƙafata ne kawai suke taɓa ƙasa.

Ni ban yi rantsuwa a kan mota ba, Nasiru, kuma ba na jin tsoro. Amma ina so in ga darbejiyar Kutama daga kan kariya, inda na fara ganin duniya, goshina a gadon bayan ɗana. Na sa an yi wa keken sabuwar taya. Ka tambayi Zainab abin da za ka riƙa ci. Ka fara da kwano ɗaya na yashi a kan kariya, kuma kada ka daɗe.